Gwangwanin da ke kan rufina ba siddabaru ba ne

Malam Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka da aiki, kai da sauran ma'aikatan wannan jarida. A yi mini haƙuri da tsawon wasiƙar nan. Akwai awo da lissafi a cikinta, in na taƙaita su wani zai ɓata gwangwaninsa ya koma yana zagina.

Ni mai gyaran rediyo da talabijin ne a Mabera, nan cikin Sakkwato. Na haura shekara talatin ina shaƙar hayaƙin dalma, tun rediyo mai kaset na tashe har aka shigo zamanin ɗaura dish, wanda shi ya riƙe ni da mutane suka rage kawo rediyo gyara. Makon jiya ɗan yayata, yaron da ke shirin jarrabawar JAMB, ya shigo shago da wani abu ƙunshe a leda, yana ta murmushi kamar wanda ya tsinci dami a kala. Maganaɗisun tsohuwar lasifika ne aka naɗe da wayar jan ƙarfe, aka manna masa mataccen layin waya da gam, aka rataya masa guntun kebul na caja. Naira dubu shida ya ba wani bayan ya ga irinsa a bidiyo, wai da ya soka shi a waya zai yi ta hawa intanet kyauta har illa masha Allahu. Na ɗauko mitar awon lantarki na auna a gabansa. Wayar jan ƙarfen ba ta haɗu da komai ba, daga wannan baki har wancan. Da na ce masa an cuce shi, sai ya nuna saitin gidana da baki, ya ce, "To Kawu, kai ba da gwangwanin madara kaka jawo naka ba? Mi ab bambanci?"

Maganar ta tsaya mini a rai, domin gaskiya ya faɗa. Akwai gwangwanin madara a kan sanda a saman gidana, kuma ta cikinsa intanet ke shigo mana. In yaron da ya tashi yana shiga gidana bai san bambancin wannan da maganaɗisun ɗan damfara ba, to na waje fa?

Gwangwanina tiyo ne, ba rijiya ba. Ba ya haifar da intanet ko na sisin kwabo. Sai akwai ruwa a wani wuri, wani ya biya kuɗinsa, ya kuma yarda a ja, sannan tiyo ke da amfani. Ruwan da nake ja na ƙanena ne. Yana da shagon kwamfuta a bakin titi inda ake buga takardu da yi wa yara rajistar jarrabawa, yana biyan kuɗin intanet na wata, yana da sola. Daga magariba ya rufe shago, abin da ya biya yana kwance babu mai taɓawa. A 2020, da aka rufe makarantu saboda korona, 'yata ta fari tana zaune a gida, malamansu na turo darasi ta waya, data kuwa tana cin aljihuna kamar gara. Tsakanin shagon da gidana kusan kilomita ɗaya ne, kuma in na hau rufi ina hango tankin ruwan da ke bayan shagon. Wannan hangen shi ne jarin farko. In ba a ganin wuri da ido, a bar maganar tun daga nan.

Duk wanda ya girma da rediyo a kunne ya san "gajeren zango" da "mita 49". A kan mita 49 muka riƙa kama Rediyon Kaduna. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne mitar nan awo ce ta gaske: tsawon igiyar da ke ɗauko muryar, guda ɗaya, mita 49 ne. Shi ya sa iyayenmu ke ɗaura doguwar waya a eriyar rediyo su jefa ta kan rufi ko reshen icce, sai murya ta washe. Waifai, wato intanet ɗin da ake kamawa ta iska babu kebul, shi ma rediyo ne, sai dai nasa zangon ƙarami ne ƙwarai. Yana aiki a kan gigahaz 2.4 (awon saurin kaɗawar igiya ke nan), igiyarsa santimita 12 da rabi ce kacal, ko taƙi ɗaya ba ta kai ba. Abin da igiyarsa ba ta kai taƙi ba, eriyarsa ma 'yar mitsitsiya ce, kuma ba ta yafe kuskure. Milimita 5 da ka kauce a nan daidai take da mita 2 a eriyar gajeren zango.

'Yar baƙar sandar nan da ke zuwa a jikin rauta, wato akwatin da ke watsa waifai, kamar aci-balbal take, haskenta na watsuwa ko'ina, har inda babu mai buƙata. Gwangwani tocila ne. Ƙarfin bai ƙaru ba, yana nan wajen kashi ɗaya cikin goma na wat, amma an tattara shi an tura gefe guda, sai ya ninka kamar sau goma a wannan gefen. Yadda yake tura magana nesa, haka yake jiyo ta daga nesa, kamar mutum ya kafa tafin hannu a bayan kunne.

Ga awon da na yi aiki da shi. Gwangwanin madarar gari na ƙarfe, wanda faɗin bakinsa ya kai santimita 10. Tsawonsa kada ya gaza santimita 13, in ya gaza a cire gindin wani a liƙa su biyu da dalma. A auna milimita 44 daga gindinsa ta ciki, a huda gefensa a nan. Ta wannan huda ake shigo da guntuwar wayar jan ƙarfe mai kaurin tsinken ashana, miƙaƙƙiya sak, abin da zai leƙo cikin gwangwanin ya zama milimita 31 daidai, wato rubu'in igiyar. Wannan tsinken ana haɗa shi da zuciyar kebul, kada ya taɓa jikin gwangwanin, ita kuma ragar da ke kewaye da kebul ɗin ita ake liƙa wa jikin gwangwanin. Aikin ke nan gaba ɗaya. In faɗin gwangwani ya sauya, wurin hudar ma yana sauyawa: mai santimita 8 da rabi, hudarsa tana komawa wajen milimita 58. Amma 31 ɗin nan ba ta motsi. Wanda faɗinsa bai kai santimita 7 da rabi ba, a bar wa mai shayi abinsa, igiyar ba ta iya shiga ciki.

A takarda aikin rabin awa ne. Ni sai da na yi mako uku, kuma laifina ne duka.

Kuskurena na farko na tsohon mai ɗaura dish ne. Na saba a kafa faranti a sama, a jawo kebul mai tsawo zuwa ɗaki. Sai na ɗaura gwangwani a sanda, na jawo siririn baƙin kebul da ake kira RG-58, mita 12, zuwa rauta a falo. Ko ɗigo ban gani ba. Na zargi gwangwani, na sake wani, na zargi dalma, na zargi ƙanena cewa ya kashe nasa ya tafi gida. Ashe wannan kebul, a zangon waifai, yana zubar da rabin ƙarfi a kowace mita 3. Mita 12 rabi ne sau huɗu, abin da ya iso falo kashi ɗaya cikin goma sha shida ke nan. Gwangwani ya ninka mini sau goma, kebul ya raba sau goma sha shida. Na yi ɗiban ruwa da kwando. Kebul ɗin dish da muke da shi birjik ma ba abokin tafiya ba ne, a awon om da ake daidaita kebul da na'ura shi 75 ne, waifai kuwa 50 yake so. Maganin shi ne rauta ta hau sama ta zauna kusa da gwangwani, a cikin robar da ruwa ba ya shiga, kebul ɗin da ke tsakaninsu kada ya wuce kamu ɗaya. Abin da zai sauko ɗaki kebul ɗin kwamfuta ne, shi yana tafiya har mita 100 bai gaji ba. A ɗaki sai a sa wata rauta ta biyu da za ta raba wa wayoyin gida, domin waya ba ta da inda za a soka mata gwangwani. Wanda ke da laftof kawai, ya sayi ɗan makamin waifai mai shiga ramin USB ya cusa kansa cikin gwangwanin a daidai wurin hudar, amma kebul ɗin USB kada ya wuce mita 5.

Na biyu, na manta magana ta mutum biyu ce. Ina jin shagon, shagon ba ya jina. Sai da na ƙera wani gwangwanin na kai can. Ƙanena ya hau ya ɗaure shi da kansa, ya juya shi tsinken ya kwanta, nawa kuwa yana tsaye. Kwana biyu muna waya muna musu. Dole tsinken biyu su zama iri ɗaya, ko duka a tsaye ko duka a kwance, in ba haka ba kusan komai ya tafi.

Na uku shi ne iccen dogon yaron wani Alhaji. Da muka daidaita komai, abu ya kama, amma in iska ta kaɗa sai ya yanke, ta lafa ya dawo. Tsakiyar hanya akwai wani ƙaton dogon yaro a ƙofar gidan wani dattijo. Ba ya tare mini hangen tankin, layin idona yana wucewa ta samansa da kamar kamu biyu. To ashe igiyar rediyo ba zare ba ce. Tana tafiya ne da kumburi a tsakiya kamar gwanda, siririya a bakin eriya biyun, mai ciki a tsakani. A tafiyar kilomita ɗaya, cikin nan yana kai mita 5 da rabi ta kowane gefe na layin ido, kuma ana son aƙalla mita 3 da rabi a ƙasan layin su zama fili. Ɗanyen ganye kuwa ruwa ne, ruwa kuma yana shanye wannan zango. Na je da goro na gaishe da Alhaji, na zagaya na zagaya, sannan na kawo maganar rage reshe biyu na sama. Ya saurare ni har na gama, ya ce, "Malam, iccen ga ubana yad dasa shi. Inuwa tai muka sha tun muna ƙanana. Ka ɗaga sandarka." Ban ji haushi ba. A garin da zafi ke haura digiri 40 a watan Afrilu, wanda ya zaɓi inuwa a kan intanet bai yi wauta ba. Na kai bututun ƙarfe wurin mai walda aka ƙara mini mita 4, ƙanena ma ya ƙara nasa, magana ta ƙare. Ranar da 'yata ta buɗe darasi na bidiyo ya tafi bai tsaya ba, mahaifiyarta ta yi guɗa a tsakar gida, maƙwabta suka aiko tambayar ko haihuwa aka yi.

Sauran wahalhalun na yanayin garinmu ne. Rana ta kashe mini rauta guda a bazarar farko, ta dafa ta cikin robarta. Yanzu na yi wa robar 'yar hula ta zana, na huda mata ƙasa iska na shiga. Zanzaro ya gina ɗaki a cikin gwangwanin, a kan tsinken ma, sai da na rufe bakin da murfinsa na roba, na kuma yi 'yar huda a ƙasa don raɓa ta fita. Ƙurar hunturu, wadda na fi tsoro, ba ta hana komai ba, ko ranar da ba a hango tankin. Iskar farkon damina ita ce abokiyar gaba, duk shekara sai ta karkatar da sanda na hau na gyara saiti. Tsawa kuma ba a wasa da ita: sandar ƙarfe a sama tana buƙatar waya mai kauri zuwa ƙarfen da aka binne a ƙasa, kuma da hadari ya haɗo muna zare kebul daga ɗaki. Wanda zai ɗaga bututu ya dubi wayar lantarki kafin ya dubi komai, don Allah.

Abin da ya fi gwangwani ƙarfi yana nan zube a bayan gidajenmu yana tsatsa, wato tsohon farantin dish. Mai faɗin santimita 60 zuwa 90 yana ninka ƙarfi sau ɗari ko fiye a zangon waifai. Na gwada shi a ƙauyen surukaina, ta wajen Dange, inda sai an hau wani tudu a bayan gari ake samun sabis, ka ga samari tsaye a can da yamma kowa ya ɗaga waya sama. A nan gwangwanina ba ya aiki, domin layukan waya suna kan wasu zanguna dabam, irin su megahaz 800 da 1800 da 2600, kowanne da nasa tsawon igiya. Faranti kuwa bai damu da wannan sosai ba, tattarawa kawai yake yi. Na cire LNB, wato 'yar na'urar da ke bakin hannun farantin, na ɗaure 'yar na'urar MiFi, mai kama intanet da layin waya ta raba shi ta waifai, a daidai gurbinsa, na juya farantin saitin ƙarfen sabis da ke can bakin babban titi. Wani abu da masu ɗaura dish suka sani: farantin nan ba inda fuskarsa ke kallo yake gani ba, yana ganin sama da haka da kamar digiri ashirin da wani abu. In kana son ya dubi abin da ke ƙasa ɗaya da kai, sai ka sunkuyar da shi kamar yana neman abin da ya faɗi. Surukata ta fito ta tsaya tana kallo, ta ce, "Wanga kwano naka mi yas same shi, shina ta ruku'u?" Amma daga sandar sabis ɗaya mai zuwa tana ɓacewa, muka koma uku tsayayyu, ta yi magana da ɗanta da ke Legas tana ganin fuskarsa daga kan tabarmarta. Wannan dabara ba ta watsa komai fiye da abin da na'urar ke watsawa da ma. Dabam take da akwatunan ƙara ƙarfin sabis da ake sayarwa a ɓoye, waɗanda hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta yi gargaɗi a kansu saboda suna dagula wa maƙwabta layi.

Ba ni na ƙirƙiro ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Ƙanena ne ya riƙa bugo mini bayanai a shagonsa ina karantawa da tabarau. A nan na ga labarin Ermanno Pietrosemoli da abokan aikinsa a ƙasar Benezuwela, da suka haɗa waifai tsakanin tsaunuka biyu masu nisan kilomita 382 a 2007, ɗaya daga cikin tsaunukan ya haura mita 4,000. Mu ba mu da irin wannan tsauni, tsaunukanmu su ne tankunan ruwa da benaye da hasumiyoyi. Wanda ya fi kama da mu shi ne Mahabir Pun, malamin makaranta a ƙauyen Nangi na ƙasar Nefal, wanda ya riƙa ɗaura farantan talabijin a kan itatuwa har ya jawo intanet daga birnin Pokhara zuwa ƙauyukansu, aka ba shi lambar yabo ta Magsaysay a 2007. A nan gida ma gidauniyar Fantsuam ta yi irin wannan rabon intanet ta iska a Kafanchan tun shekarun baya, cibiyar CITAD ta Kano kuma ta daɗe tana kiran a ba al'umma damar kafa nasu.

Kada kuma in yi wa gwangwani kirarin da ya fi ƙarfinsa. Mai kuɗi ya sayi na kamfani, irin su Ubiquiti ko MikroTik ko TP-Link, waɗanda aka yi don zama a rana da ruwa, suna aiki a gigahaz 5 inda cunkoso bai yi yawa ba, sun fi nawa sauri nesa ba kusa ba. Da ina da hali a 2020 da su zan saya. Amma da na saya, da har yau ban san dalilin da dogon yaro ke yanke magana ba, kuma ranar da suka lalace sai in zauna jiran wani daga Kano.

Akwai kuma abin da dole in faɗa wa samari. Ranar da ka ɗaga gwangwani ka juya shi, za ka ga sunayen waifai goma ko ashirin da ba ka taɓa gani ba, na otal, na ofis, na gidajen mutane. Gwangwani ba ya buɗe makulli. Wanda ya fasa na wani ya shiga, dokar laifukan intanet ta 2015 tana jiransa, kuma ko babu doka, cin abin mutum ba da yardarsa ba mun san sunansa tun a makarantar allo. Ni da ƙanena yarjejeniya muka yi, ina ba shi kashi ɗaya cikin uku na kuɗin wata. Wanda kuma zai ja ya riƙa sayar wa unguwa, wannan ya zama kasuwanci, yana buƙatar lasisin NCC.

A nan ne nake da roƙo. Tun da aka amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a Janairun 2025, mutum nawa suka zo shagona suna tambayar yadda gida biyar ko makarantar Islamiyya da maƙwabtanta za su haɗa kuɗi su ja layi ɗaya. Starlink, mai kawo intanet ta tauraron ɗan'adam, ta shigo ƙasar nan tun 2023, tana kamawa har a daji, amma kuɗinta ba na mutum ɗaya talaka ba ne. Ƙarfen da za a raba da shi ba shi ne matsala ba. Abin da mutane ke tsoro shi ne kada su tara kuɗi su kafa, a wayi gari a ce sun karya doka. Roƙona shi ne hukuma ta fito da ƙa'ida mai sauƙi, da Hausa, ta ce ga abin da unguwa ko ƙauye za su iya yi wa kansu ba don riba ba, ga iyakar ƙarfin da aka yarda a watsa, ga inda lasisi ya zama dole.

Makarantunmu na koyon sana'a kuma, da kwalejin kimiyya da fasaha ta Umaru Ali Shinkafi, ina ganin babu darasin rediyo da ya kai wannan araha. Gwangwani, rula, ƙusa, guntuwar waya, dalma. Yaro ya auna da hannunsa, ya kauce da milimita biyar ya ga sandar sabis ta faɗi, ya gyara ya ga ta tashi. Garin da ke da unguwar Maƙera Assada, da masu yanka kwano suna fitar da murhu da mazurari da ido kawai, bai kamata a ce ana sayar wa 'ya'yansa maganaɗisu a leda ba. Ɗan yayata dai na sa shi ya wanke gwangwani biyu, ranar Asabar zai huda nasa. Dubu shidansa kuwa sun tafi, wanda ya karɓa ya kashe waya.

Malam Edita, in za a buga wannan, a taimaka a ce wa mai shirya shafi ya duba alƙaluman sau biyu. Tsinken milimita 31 ne, ba 13 ba, hudar kuma 44 daga gindi, ta ciki za a auna.

Wassalam.

Naku,
Mai gyaran rediyo,
Mabera, Sakkwato.